Zanen Barkwanci Kan Ta'addanci da Tsaron Ƙasa: Dabarun Jan Ra'ayin Mai Kallo

Zanen barkwanci na siyasa hoto ne da ake zanawa a jarida ko mujalla don bayyana ra'ayi kan wani al'amari da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya. Yawanci akwati guda ne da 'yan kalmomi kaɗan, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Mazauninsa shafin ra'ayi ne, kusa da sharhin edita, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba labari ba ne. Mai zanen yana da matsaya, so yake mai kallo ya koma bayansa. Marubucin sharhi yana jera dalilai ɗaya bayan ɗaya, mai karatu na iya tsayawa a tsakiya ya ce bai yarda ba. Shi kuwa zane a kallo guda ake haɗiye shi. Kafin mutum ya shirya musu, ya riga ya yi dariya, ko gabansa ya faɗi, ko ransa ya ɓaci.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Tun shekarun 1940 Akinola Lasekan yake caccakar mulkin mallaka da zane a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. Bayansa an yi irin su Josy Ajiboye a gidan jaridar Daily Times, a wannan zamani kuma akwai Mike Asukwo da ya yi suna a BusinessDay da Mustapha Bulama da ya yi suna a Daily Trust.

Batun ta'addanci da tsaro ya sha bamban da sauran batutuwan da masu zane ke taɓawa. Zane kan tsadar mai ko maguɗin zaɓe yana samun mai kallo cikin hayyacinsa. Zane kan tashin bam kuwa yana samunsa cikin tsoro da alhini, a ranar da ya fi kowace rana saurin yarda da abin da aka nuna masa. A irin wannan rana tambayoyi biyu ne ke bakin kowa: wane ne maƙiyi, kuma me za a bari hukuma ta yi don ta kare jama'a? Kusan duk dabarun da masu zane ke amfani da su hanyoyi ne na amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba tare da an buɗe muhawara ba.

Ba maƙiyi fuska

A yaƙin ƙasa da ƙasa maƙiyi yana da tuta da kaki da shugaban da kowa ya sani. Ɗan ta'adda cikin mutane yake, shigarsa irin ta kowa. Amma alƙalami ba ya zana abin da ba shi da siffa, don haka dole mai zane ya samo masa fuska. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi haɗari, ita ce a ɗauko kamanni da tufafin wata al'umma a ɗora wa mai laifin.

Wannan tsohuwar dabara ce. A ranar 13 ga Disamba 1867 'yan ƙungiyar Fenian, masu neman 'yancin Ayalan daga Ingila, suka tayar da bam a katangar gidan yarin Clerkenwell da ke Landan don su kuɓutar da wani nasu. Mutum 12 suka mutu a gidajen talakawa da ke maƙwabtaka. Bayan mako biyu mujallar Punch ta buga zanen John Tenniel: wani ɗan Ayalan mai fuska kamar ta biri zaune a kan gangar albarushi, riƙe da wuta, mata da yara kewaye da shi. Tenniel bai zana mutanen da suka kai harin ba. Ya zana irin fuskar da mujallar ta saba ba wa duk ɗan Ayalan, saboda haka leburorin Ayalan da ke cike da Landan aka yi musu kuɗin goro. A Amurka, bayan bam ɗin dandalin Haymarket a Chicago a 1886, fuskar ta koma ta baƙon haure daga Turai, mai ƙasumba da gashi buzu-buzu, riƙe da baƙin bam mai kama da ƙwallo da lagwani yana ci. Wannan bam ɗin mai lagwani har yau shi ne alamar ta'addanci a zane, duk da cewa babu mai amfani da irinsa.

Misalin da ya fi nuna inda abin ke kaiwa na wani mutum ne da duniya ta sani da littattafan yara, wato Theodor Geisel, wanda aka fi kira Dr. Seuss. A ranar 13 ga Fabrairu 1942, wata biyu bayan Japan ta kai hari a Pearl Harbor, jaridar PM ta New York ta buga zanensa. Dogon layi ne na mutane masu fuska iri ɗaya, tun daga jihar Washington har Kalifoniya, kowa yana murmushi yana karɓar ƙunshin nakiya a wata rumfa, wani kuma a kan rufin yana hangen teku da madubi yana jiran umarni daga gida. Bayan kwana shida Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe fiye da mutum 110,000 masu asali da Japan aka tsare a sansanoni, kusan kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne. Ba zanen ne ya jawo umarnin ba, amma yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka ga abin daidai ne. A 1983 wani kwamiti da majalisar ƙasar ta kafa ya gano cewa wariyar launin fata da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni ne suka haddasa tsarewar, ba wata bukatar tsaro ba. A 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta amince ta biya kowane mai rai daga cikinsu dala 20,000.

Abin lura a zanen Geisel shi ne maimaita fuska. Idan mutum dubu suna da fuska ɗaya, to babu mai laifi da marar laifi a cikinsu, taro ne kawai. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 rawani da gemu da hanci mai lanƙwasa suka gaji wannan matsayi a jaridun Yamma. A gida Nijeriya ma an ga irin haka: malfa da sanda da saniya, sai a rataya musu AK-47, sai zane ya tashi daga kan wanda ya kai hari ya koma kan duk Bafulatanin da ke kiwo, har da wanda 'yan bindigar suka kore wa shanu.

Mataki na gaba shi ne a cire wa mutum mutuntakarsa ɗungurungum. A ranar 17 ga Nuwamba 2015, kwana huɗu bayan hare-haren Paris da suka kashe mutum 130, jaridar Daily Mail ta Ingila ta buga zanen Stanley McMurtry: 'yan gudun hijira suna tsallaka iyakar Turai, ɗaya da bindiga a kafaɗa, ɓeraye suna gudu a tsakanin ƙafafunsu. Nan take mutane suka tono wani zane na wata jaridar Vienna na 1939, inda aka nuna Yahudawa a matsayin ɓerayen da ake sharewa. Masu kare zanen suka ce ɓerayen 'yan ta'addan da ke sajewa da masu hijira ne. Ko da hakan ne nufin, zanen bai nuna cewa akasarin maharan Paris haifaffun Faransa da Beljiyam ba ne, ko da yake wasunsu sun bi hanyar 'yan hijira wajen shiga. Ɓera da maciji da kyankyaso ba a zaman sulhu da su, ba a kai su kotu. Wanda ya zana mutum a wannan siffa ya riga ya faɗi hukuncin da yake so. Jaridar Der Stürmer ta zamanin Hitler ta yi wannan aiki shekara da shekaru, aka rataye mai ita, Julius Streicher, a Nuremberg a 1946. Mujallar Kangura ta Ruwanda ta yi irinsa a kan Tutsi kafin kisan ƙare dangi na 1994, da sunan kare ƙasa daga 'yan tawaye, kotun duniya da ke Arusha ta samu editanta Hassan Ngeze da laifi a 2003.

Alamomin da kowa ya sani

Mai zane ba shi da filin bayani, saboda haka yana aron alamomin da mai kallo ya riga ya ɗora wa ma'ana: tuta, kurciya, ma'aunin shari'a, taswirar ƙasa, mikiyar Amurka, ko dawakai biyu farare na tambarin Nijeriya. Washegarin 11 ga Satumba masu zane da yawa a Amurka, ba tare da sun haɗa baki ba, suka zana abu guda: mutum-mutumin 'Yanci na New York, macen nan mai ɗaga tocila, tana kuka hayaƙi na tashi a bayanta. Bayan 'yan kwanaki sai mikiya ta karɓi fage, ana zana ta tana wasa farata. Daga mace mai kuka zuwa tsuntsu mai shirin farauta, an tashi daga alhini an koma ɗaukar fansa ba tare da an rubuta jimla ko ɗaya ba. A ranar 7 ga Oktoba aka fara ruwan bama-bamai a Afganistan.

Ita alama ba ta da ubangida ɗaya. Wannan mutum-mutumin dai shi Herbert Block na Washington Post ya yi amfani da shi a Yuni 1949, lokacin da tsoron 'yan gurguzu ya cika Amurka. Ya zana wani mutum da aka rubuta wa “ruɗani” a jiki, yana hawa tsani a guje da bokitin ruwa, yana ihun gobara, zai kashe tocilar 'Yanci. Wutar da ya ɗauka gobara ce ita ce hasken da ƙasar ke tinƙaho da shi. Shi ne kuma ya raɗa wa farautar 'yan gurguzu da Sanata Joseph McCarthy ke yi suna a wani zane na Maris 1950. A 2004, da hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi suka fito, masu zane a ƙasashe da dama suka ɗora mutumin nan da aka rufe wa kai da baƙin buhu, wayoyin lantarki a hannunsa, a kan dakalin da mutum-mutumin ke tsaye.

Wani lokaci ƙarfin yana cikin ƙarancin abin da aka zana. Bangon mujallar New Yorker na 24 ga Satumba 2001, aikin Art Spiegelman da Françoise Mouly, baƙi ne ƙirin. Sai an karkata shi ga haske ake ganin inuwar dogayen benaye biyu na New York da suka rushe a harin 11 ga Satumba, baƙi a kan baƙi. Daren harin Paris na 2015 Jean Jullien ya ja 'yan layuka da buroshi ya mayar da hasumiyar Eiffel alamar zaman lafiya, kafin gari ya waye ta zaga duniya. Irin waɗannan ba sa zargin kowa. Aikinsu su tara mutane wuri guda su ce musu ku ɗaya ne.

Rubutu a jikin abu

Laƙaba suna dabara ce da ake raina wa, amma ita ke hana mai kallo ɓata hanya. Zanen da ya fi shahara kan cinikin da ake yi tsakanin tsaro da 'yanci na Clay Bennett ne, wanda ya yi wa Christian Science Monitor a ƙarshen 2001, a lokacin da majalisar Amurka ta zartar da dokar Patriot mai faɗaɗa ikon hukuma na sa ido a kan jama'a. Gida ne na katako da aka rubuta wa “sirri”, ma'aikata suna ɓalle katakan bangonsa suna kafa shinge da su, shingen kuma an rubuta masa “tsaro”. Mata da miji suna ciki, shinge na tsawo, su kuma suna ƙara fitowa fili. Ba a zana ɗan ta'adda ba, ba a zana shugaba ba. Kalmomi biyu ne suka ɗauki duk hujjar: katakon shingen daga gidanka ake ciro shi. Bennett ya samu lambar Pulitzer a 2002.

Mike Luckovich na Atlanta Journal-Constitution ya kai wannan dabara ƙarshenta a Oktoba 2005, lokacin da adadin sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi ya kai 2,000. Ya rubuta sunayensu duka da hannu, ya jera su suka ba da siffar kalma ɗaya mai tambayar dalili. Adadi abu ne da ido ke wucewa; suna kuwa na ɗan wani ne.

A Nijeriya sunan da aka rubuta a rigar mai bindiga matsaya ce ta siyasa. Shekaru ana jayayya kan masu kai hare-hare a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna: ɓarayin shanu ne, 'yan fashin daji ne, ko 'yan ta'adda? Sai a Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hakan a hukumance a Janairu 2022. Kafin wannan lokaci, mai zanen da ya rubuta “ɗan ta'adda” yana cewa a daina sulhu da su ke nan, wanda ya rubuta sunan ƙabila kuma wata magana daban yake yi.

Kwatance da abin da ya wuce

Sabon bala'i yana zuwa ba tare da ma'ana ba, sai mai zane ya jingina shi da wani tsoho da aka riga aka yanke wa hukunci. A 2001 an yi ta haɗa benen New York da Pearl Harbor, an kuma zana 'yan kwana-kwana suna kafa tuta irin yadda sojoji suka kafa a tsibirin Iwo Jima a 1945. Wanda ya karɓi kwatancen ya karɓi abin da ke biye da shi: wannan yaƙi ne, ba aikin 'yan sanda da kotu ba, kuma zai ƙare da nasara kamar wancan. Yaƙin Afganistan ya ɗauki shekara 20, ya ƙare Taliban na kan mulki a 2021. Bayan kisan mutum 12 a ofishin mujallar barkwanci ta Charlie Hebdo da ke Paris a Janairu 2015, Ruben Oppenheimer na ƙasar Holan ya zana fensir biyu a tsaye, jirgin sama na dosarsu. A lokacin kwararar 'yan hijira kuma dokin katakon Troy, wanda mayaƙa suka ɓuya a cikinsa a tatsuniyar Girkawa, ya yi ta fitowa a jaridun Turai. Kowane kwatance yana haska wuri ɗaya da abubuwa biyu suka yi kama, ya rufe wurare goma da suka saɓa.

Akwai kuma jera hotuna biyu a bar mai kallo ya haɗa da kansa. A 2016 Khalid Albaih ɗan Sudan ya ajiye yara biyu na Siriya kafaɗa da kafaɗa: Omran, wanda aka ciro daga ɓaraguzai a Halab yana zaune jina-jina a motar asibiti, da Alan Kurdi, wanda teku ta turo gawarsa gaɓar Turkiyya. A ƙarƙashin ɗaya makomar wanda ya zauna, a ƙarƙashin ɗayan makomar wanda ya gudu.

Zuguguwa da gatse

Bahaushe ya san zambo a bakin makaɗan fada: a samo aibi guda a jikin abokin hamayyar sarki, tsawo ko tumbi ko rowa, a kambama shi har ya zama shi ne sunan mutumin. Haka mai zane yake yi da hanci da kunne da haɓa. A 1831 Charles Philipon ya nuna wa kotu a Faransa yadda fuskar Sarki Louis-Philippe ke rikiɗa a zane huɗu ta koma ɗan itacen fiya, daga nan sarkin bai ƙara rabuwa da wannan siffa ba. Steve Bell na Guardian ya shekara takwas yana zana George Bush ƙarami da siffar biri, wasu kuma suka mayar da Tony Blair ɗan karen da ke bin sa.

A batun ta'addanci girma da ƙanƙanta su ne ma'auni. Idan aka zana maharin ƙato, inuwarsa ta rufe gari, an ce wa mai kallo ya ji tsoro ya ba hukuma duk abin da ta nema. Idan aka zana shi ɗan mitsitsi yana leƙe daga kogo, kamar yadda aka yi ta yi wa Usama bin Laden, an rage masa kwarjini, kuma kwarjinin ne jarinsa. Kowanne yana da illa. Na farko yana yi wa ɗan ta'adda tallar da yake nema, na biyu yana sa a raina abin da ke kashe mutane.

Gatse, wato a faɗi abu ana nufin kishiyarsa, shi ne makamin da aka fi juya wa hukuma. Tsarinsa sananne ne: kalaman jami'i a sama, abin da ke faruwa a ƙasa. Nijeriya ta ba masu zane kayan aiki da yawa a nan. An sha sanar da mutuwar shugaban Boko Haram Abubakar Shekau, shi kuma ya sha fitowa a bidiyo, sai a Mayu 2021 ya mutu a dajin Sambisa a rikici da ɓangaren ISWAP. A Disamba 2015 Shugaba Buhari ya shaida wa BBC cewa kusan an gama da Boko Haram, kalaman da aka yi ta dawo da su duk lokacin da aka kai sabon hari. Ga badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da ta fito a shekarar. Mai zane ba ya bukatar ya ce wani ya yi ƙarya. Ya isa ya sa kakakin gwamnati a gaban makirufo, hayaƙi na tashi ta tagar bayansa.

Sai dai gatse yana bukatar mai kallo ya san wanda ke magana. A Yuli 2008 New Yorker ta fito da bango na Barry Blitt: Barack Obama da rawani da doguwar riga, matarsa Michelle da bindiga a baya, hoton bin Laden a bango, tutar Amurka na ci a murhu. Nufin a yi wa masu yaɗa jita-jitar cewa Obama ɗan ta'adda ne dariya. Masu karanta mujallar sun gane. Amma bango a kan teburin mai sayar da jarida yake, kowa na gani, kuma babu wani abu a cikin hoton da ya nuna ba'a ce. Ofishin yaƙin neman zaɓen Obama ya yi tir da shi, na abokin takararsa John McCain ma haka.

Inda zane ya zama rikicin kansa

A ranar 30 ga Satumba 2005 jaridar Jyllands-Posten ta Denmark ta buga zane 12 da ta danganta ga Annabi Muhammadu (SAW). Wanda ya fi tayar da ƙura na Kurt Westergaard ne, da ya haɗa surar da bam. Shi ya ce masu fakewa da addini su yi kisa yake nufi. Musulmi a duniya kuwa abin da suka gani cin mutuncin Manzo ne, da kuma shafa wa al'umma guda kashin kaji, irin dabarar da Tenniel ya yi wa 'yan Ayalan, amma a kan abin da ya fi komai tsarki a wurinsu. A Fabrairu 2006 zanga-zanga a Maiduguri ta rikiɗe ta zama kisa da ƙona coci-coci, aka yi ramuwar gayya a Onitsha, fiye da mutum 100 suka mutu a faɗin ƙasar. A Janairu 2015, bayan Charlie Hebdo ta sake fitowa da irin wannan bango mako guda da kai mata hari, tarzoma ta ɓarke a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram. Waɗanda suka mutu a garuruwan nan ba su zana komai ba, akasarinsu ba su taɓa ganin jaridun ba.

Su ma masu zanen suna biya da jikinsu, kuma sau da yawa kalmar tsaro ce ake ɗaure su da ita. Musa Kart na jaridar Cumhuriyet ta Turkiyya an kama shi a ƙarshen Oktoba 2016, bayan yunƙurin juyin mulkin Yuli, ya yi wata tara a tsare, a 2018 aka yanke masa shekara uku da wata tara bisa zargin taimaka wa ƙungiyar ta'addanci. A Agusta 2011 wasu mutane suka sace Ali Ferzat a Dimashƙa suka karya masa hannuwa. Naji al-Ali, Bafalasɗinen da ya ƙirƙiro Handala, an harbe shi a Landan a Yuli 1987, ya cika bayan mako biyar. Handala yaro ne ɗan shekara goma, ba takalmi, riga duk faci, kullum ya juya wa mai kallo baya yana duban abin da ke faruwa a cikin zanen. Dabara ce mai zurfi: tunda bayansa ake gani, mai kallo a bayansa yake tsaye, ta idonsa yake gani, ya zama shaida ko bai so ba.

Abin da aka bari a wajen akwati

Akwatin zane ƙarami ne, zaɓen abin da zai shiga shi ma jan ra'ayi ne. Bayan harin Brussels na 22 ga Maris 2016, Plantu na jaridar Le Monde ya zana mutum biyu, ɗaya lulluɓe da tutar Faransa ya dafa ɗaya mai tutar Beljiyam, suna kuka. Zanen ya taɓa zukata, amma mutane suka tambaya ina Ankara, inda bam ya kashe fiye da mutum 30 kwana tara kafin nan, ranar da aka kuma kai hari a Grand-Bassam ta Kodebuwa. A makon da aka kai wa Charlie Hebdo hari, Boko Haram tana cikin kisa a Baga da Doron Baga, inda hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna an lalata gine-gine kusan 3,700. Fensir ya cika jaridun duniya, Baga kuwa da ƙyar ta samu gurbi. Haka kuma zanen da ya raba duniya gida biyu, soja a dama ɗan ta'adda a hagu, ba shi da wurin ajiye 'yan gudun hijirar Rann da jirgin soja ya jefa wa bam a Janairu 2017, ko masu Mauludin Tudun Biri da jirgi marar matuƙi ya kashe aƙalla 85 daga cikinsu a Disamba 2023.

Game da ko zane yana sauya ra'ayin mutum kuwa, abin da aka gani ya fi karkata ga cewa yana ƙarfafa wanda mutum ya zo da shi ne. A wani bincike da LeRoy Carl ya wallafa a Amurka a 1968, an nuna wa mutanen wasu ƙananan garuruwa zane-zanen jaridu aka tambaye su ma'ana, mafi yawansu suka fassara saɓanin abin da masu zanen suka nufa. A wancan lokaci zane yana zaune a shafinsa, da kwanan wata da sunan jarida da sa hannun mai shi. Yanzu a WhatsApp da Facebook ake tura shi, sau da yawa an yanke sa hannun, kwanan watan ya ɓace, wani lokaci ma an goge rubutun da ke jikin rigar mai bindiga an sa sunan wata ƙabila ko wata jam'iyya, sai zanen da aka yi kan wani hari a wata ƙasa shekaru da suka wuce ya iso wayar mutum a matsayin sharhi kan harin jiya.